Ɗaki Ma Yana Numfashi

1. Iska da numfashi

Mutum yana iya yin kwanaki bai ci abinci ba. Yana iya wuni bai sha ruwa ba. Amma minti kaɗan kawai zai iya yi bai shaƙi iska ba. Dare da rana, a farke ko cikin barci, ƙirjinsa yana tashi yana sauka.

Babban mutum, idan yana zaune, yakan yi numfashi sau 12 zuwa sau 20 a minti ɗaya. Numfashin yaro ya fi haka sauri. Na jariri kuma ya fi na kowa sauri. A cikin yini da kwana, babban mutum yana shaƙar iska wajen lita 10 000.

Ido ba ya ganin iska, amma abubuwa da dama ne suka haɗu a cikinta. Cikin kashi 100 na iska, kashi 21 wani sinadari ne da ake kira oksijan. Shi ne jiki yake nema. Idan an ja numfashi, iska ta shiga huhu. Jini ya ɗauki oksijan ya kai wa kowace gaɓa ta jiki. Idan an saki numfashi, sai wata iska ta fito wadda jiki ya gama da ita. Ana kiran ta gaz karbonik.

Wuta ma oksijan take ci. Idan aka kifa kwalba a kan kyandir mai ci, ba da daɗewa ba sai ya mutu, domin oksijan da ya rage a cikin kwalbar bai ishe shi ba.

Ɗakin da aka rufe ruf kamar kwalbar nan yake. Shi ma yana bukatar ya shaƙi sabuwar iska, ya fitar da tsohuwa.

2. Me yake ɓata iskar ɗaki?

Duk wanda ya taɓa shiga rufaffen ɗaki da sassafe, inda mutane da yawa suka kwana, ya san yadda iskarsa take. Tana da nauyi, tana da ɗumi, tana wari. Ga abubuwan da suke ɓata ta:

- numfashi da gumin mutane masu yawa a ƙaramin ɗaki;
- hayaƙin itace, da na kara, da na kashin shanu;
- garwashin gawayi;
- fitilar kananzir, da turaren wuta, da maganin sauro mai hayaƙi;
- hayaƙin taba;
- ƙura, da danshi, da fumfuna;
- kaji da awaki masu kwana tare da mutane;
- hayaƙin babur da na injin wuta.

Uku daga cikin waɗannan sun fi haɗari: hayaƙin girki, da gubar gawayi, da ƙwayoyin cuta da suke fitowa tare da numfashin marar lafiya.

3. Hayaƙin girki

A yawancin gidajen Nijar da itace ake dafa abinci, a kan murhu mai duwatsu uku. Idan ana girki a tsakar gida, iska tana kwashe hayaƙin. Amma idan ruwa ya sauko, ko iskar hunturu ta taso, sai a shiga madafa ko cikin ɗaki. Nan hayaƙi yake taruwa.

A dubi bangon madafa da rufinta. Sun yi baƙi ƙirin, kunkunniya tana reto. Abin da ya baƙanta bangon nan, shi ne mai girki take shaƙa. A cikin hayaƙi akwai ƴan mitsi-mitsin ƙura waɗanda suka fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Gashin hanci ba ya iya tare su. Suna wucewa har can ƙasan huhu, su zauna.

Da farko idanu su yi ja, hawaye su zubo, tari ya sarƙe mutum. Idan abin ya daɗe shekara da shekaru, sai huhu ya raunana. Shi ya sa ake ganin tsofaffin mata masu tari kullum, waɗanda numfashi yake yi musu wuya, alhali ba su taɓa shan taba ba. Ƙananan yara kuma hayaƙi yana jawo musu ciwon huhu, mai sa zazzaɓi da numfashi sama-sama.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3,2 a duniya. A cikinsu akwai yara fiye da 237 000 waɗanda ba su kai shekara 5 ba.

Su wa suka fi shaƙar hayaƙin? Uwa mai girki, da ɗiyarta mai hura mata wuta, da jaririn da ke goye a bayanta.

4. Gubar gawayi

Hayaƙi yana sa tari, don haka mutum ya san da shi. Amma akwai wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana fitowa daga wuta idan wutar ba ta samun isasshiyar iska. Gawayi yana fitar da ita da yawa. Injin wuta da babur su ma suna fitar da ita. Likitoci suna kiran ta monoksid na karbon. A wannan darasi sunanta gubar gawayi.

Wani dare cikin watan Janairu, sanyi ya yi tsanani. Wata tsohuwa ta zuba garwashi a kasko, ta kai ɗakin da take kwana da jikokinta. Ta ja ƙyaure, ta toshe taga da tsumma. Babbar jikarta, wadda take aji biyar, ta ce:

— Kaka, malam ya ce kada a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki.

— Ke dai kwanta, ƴar nan. Ai hayaƙin ya ƙare, garwashi ne kawai ya saura.

— Ya ce garwashin ma yana da guba, Kaka. Hanci ba ya jin ta.

Tsohuwa ta yi dariya ta kwanta. Yarinyar ba ta iya barci ba. Can an jima sai ta ji kanta yana sarawa. Ta taɓa ƙanenta, ta ji ya yi laushi, da ƙyar ya buɗe ido. Ta miƙe, jiri ya kwashe ta. Ta lallaɓa ta buɗe ƙofa, ta ƙwala kira:

— Baba! Baba, ku zo!

Uban ya fito a guje. Ya fitar da yaran da tsohuwa tsakar gida, ya jefar da kaskon waje, ya kai su gidan likita. Likita ya ce da sun kai asuba a haka, da wuya su farka.

Me ya faru? Gubar gawayi tana kama jini fiye da yadda oksijan yake kama shi, sau 200 ko fiye. Idan ta shiga jini, sai ta tare wa oksijan wuri. Mutum yana numfashi, amma jikinsa yana jin yunwar iska. Alamominta su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, da barci mai nauyi. Mai barci ba ya jin waɗannan alamomi, shi ya sa gubar ta fi kisa da dare.

Idan mutane biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka ji ciwon kai lokaci guda, kuma akwai wuta a ɗakin, ga abin da za a yi nan take:

- a buɗe ƙofa da taga;
- a fitar da kowa waje;
- a kira manya;
- a kai su gidan likita, ko da sun ce sun ji sauƙi.

Ɗakin maijego yana bukatar kulawa ta musamman. Akan ɗumama shi da wuta saboda uwa da jariri. Ɗumin yana da daɗi, amma kada a rufe ɗakin ruf, kuma a fitar da wutar kafin barci.

5. Cututtukan da iska take ɗauka

Idan marar lafiya ya yi tari, ko atishawa, ko magana, ƴan ɗigon yawu suna fita daga bakinsa da hancinsa. Manyan ɗigon suna faɗuwa ƙasa. Ƙananan suna yawo cikin iska. A waje, iska tana watsa su. A rufaffen ɗaki kuwa suna daɗewa, na kusa ya shaƙa.

*Tarin fuka.* Ta iska ake ɗaukarsa. Wani likita Bajamushe mai suna Robert Koch ne ya gano ƙwayar cutar a shekarar 1882. Ƙwayar tana daɗewa a ɗaki mai duhu wanda iska ba ta ratsa shi, amma hasken rana yana kashe ta. Duk wanda ya yi tari fiye da mako biyu ya je gidan likita a auna shi. Tarin fuka yana warkewa idan an sha magani har ƙarshe, wata 6 ko fiye.

*Ƙyanda.* Tana cikin cututtukan da suka fi saurin yaɗuwa. Ƙwayarta tana iya yin awa biyu cikin iskar ɗaki bayan marar lafiya ya fita. Allurar rigakafi tana kare yara daga ita.

*Sanƙarau.* Yana yawaita lokacin rani, daga hunturu zuwa bazara, a ƙasashen da suka miƙe daga Senegal zuwa Habasha. Nijar tana cikinsu. Ƙura da busasshiyar iska suna raunana hanci da maƙogwaro, cunkoso wajen kwana kuma yana taimaka wa cutar ta bi mutane. A annobar 1996 da 1997, mutum fiye da 250 000 suka kamu a Afirka, wajen 25 000 suka rasu. A shekarar 2010 aka fara wata sabuwar allurar rigakafi a Nijar da Mali da Burkina Faso, ta rage wani nau'in cutar ƙwarai.

*Mura da COVID-19.* Su ma ta numfashi ake ɗaukarsu. A shekarar 2020, lokacin da COVID-19 ta bazu a duniya, buɗe tagogi yana cikin shawarwarin da likitoci suka ba mutane.

Buɗe taga ba ya maye gurbin rigakafi ko magani. Amma yana rage yawan ƙwayoyin cutar da mutanen gida suke shaƙa.

6. Yadda iska take tafiya

Hayaƙin murhu kullum sama yake yi. Dalili shi ne iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi. Mai zafi tana hawa sama, mai sanyi tana zama ƙasa. Haka yake a cikin ɗaki. Numfashin mutane da zafin fitila da hayaƙi duk suna taruwa kusa da rufi.

Saboda haka ɗaki yana bukatar hanya biyu: mashiga da mafita. Sabuwar iska ta shigo ta ƙofa ko ta taga ta ƙasa. Tsohuwar iska ta fita ta wata kafa can sama, kusa da rufi. Idan hanyoyin biyu suna fuskantar juna, ɗaya a wannan bango ɗaya a wancan, iska za ta ratsa ɗakin duka. Idan ƙofa ce kaɗai, iskar da ke ƙuryar ɗaki ba ta motsi.

Ko gara ta san wannan. A cikin suri akwai ƴan hanyoyi masu yawa da iska take bi, ta yadda garar da ke can ƙasa take samun numfashi.

Ɗakin da aka rufa da ciyawa yana da nasa mafita. Hayaƙi yana silalewa ta tsakanin ciyawar, iska kuma tana shiga ta tsakanin bango da jinka. Magina na da, masu gina soraye da tubali, sukan bar ƴan tagogi ƙanana can sama. Yau ana gini da siminti, ana rufi da kwano, ana sa ƙofar ƙarfe. Irin wannan ɗaki yana da ƙarfi, amma idan ba a bar masa kafa ba, iska ba ta da ta inda za ta bi. Sau da yawa ma akan ga taga an toshe ta da tubali ko kwali, ta shekara ba a buɗe ba.

Mai sabon gini ya tuna cewa hadari ta gabas ya fi tasowa, rana kuma bangon gabas da na yamma take duka. Tagogin kudu da na arewa sun fi ba da iska ba tare da zafin rana ba.

7. Me ya sa mutane suke toshe taga?

Masu toshe taga suna da dalilansu, kuma dalilai ne na gaskiya. Amma kowanne yana da magani.

*Sanyi.* A ɗumama jiki da bargo da tufafi masu kauri. Idan an kai wuta ɗaki, a bar ƙofa a buɗe, a fitar da wutar kafin a kwanta. Ƙaramar kafa ta sama kuwa a bar ta a buɗe kullum.

*Ƙura.* Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. A rufe tagar da ke wajen da iskar take fitowa, a buɗe ta ɗaya gefen. Idan ƙura ta lafa, a buɗe duka. Idan guguwa ta taso, a rufe har ta wuce.

*Sauro.* A sa wa taga raga, a kwana cikin gidan sauro, wato sange. Sange ba ya hayaƙi, ba ya sa tari. Idan an fesa maganin sauro, kowa ya fita. A jira, a buɗe ɗakin ya sha iska, sannan a shiga.

*Ɓarayi.* Maƙeri yana iya gitta wa taga sandunan ƙarfe. Kafar sama kuma ƙarama ce, ko yaro ba ya iya shiga ta cikinta.

*Kuɗi.* Huda kafa biyu ko uku a saman bangon ƙasa aikin rabin yini ne ga magini. Kuɗinsa bai kai na jinyar yaro ɗaya ba. Rigakafi ya fi magani.

8. Abin da za a yi a gida

*Wajen girki.* A dafa abinci a tsakar gida ko a rumfa duk lokacin da hali ya yi. Idan a madafa ne, a huda mata kafa a sama, daidai saitin murhu. A yi amfani da busasshen itace, domin ɗanye ya fi hayaƙi. Kada a hura wuta da leda ko roba, hayaƙinsu guba ne. A rufe tukunya don abinci ya yi saurin nuna. A sauke jariri a ba wani ya riƙe shi nesa da murhu.

Akwai murhun zamani da ake ƙerawa a Nijar, kamar murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi. Yana tattara wuta a ƙarƙashin tukunya, don haka yana rage cin itace. Murhun gaz kuwa hayaƙinsa kaɗan ne ƙwarai. Amma ko da wane murhu ake girki, wurin yana bukatar iska.

*A ɗakin kwana.* Da safe a buɗe ƙofa da taga. A shanya tabarma da bargo a rana. A yayyafa ruwa kafin shara, don kada ƙura ta tashi. A kashe fitilar kananzir kafin barci. Dabbobi su kwana a nasu wuri. Mai shan taba ya sha a waje. Injin wuta ya zauna a fili, nesa da ƙofa da taga. Kada a tada babur a cikin ɗaki ko a rufaffen zaure.

*Idan akwai marar lafiya.* A kwantar da shi kusa da taga, a bar iska da hasken rana su shiga. Ya rufe baki da hanci idan zai yi tari. Ƙananan yara su kwana a wani ɗaki idan akwai.

*A makaranta.* Aji yana ɗaukar yara da yawa. Idan tagogi suna rufe, ɗalibai su yi ta hamma, kai ya yi nauyi, karatu ya ƙi shiga. A buɗe tagogin ɓangarori biyu. Lokacin shan iska kowa ya fita, a bar ƙofa a buɗe. A goge allo da jiƙaƙƙen tsumma saboda ƙurar alli.

Abin riƙewa

- Ɗaki yana bukatar mashigar iska da mafitarta.
- Iska mai zafi da hayaƙi sama suke yi, don haka mafita a sama take.
- Garwashi yana fitar da guba ko da babu hayaƙi. Ba a kwana da shi a ɗaki.
- Jariri da murhu ba su zama wuri ɗaya.
- Tarin da ya wuce mako biyu sai gidan likita.

Kalmomi da Faransanci

iska : l'air
numfashi : la respiration
huhu : les poumons
hayaƙi : la fumée
gawayi : le charbon de bois
garwashi : la braise
taga : la fenêtre
murhu : le foyer
tarin fuka : la tuberculose
ƙyanda : la rougeole
sanƙarau : la méningite

Tambayoyi

1. Me ya sa kyandir yake mutuwa idan aka kifa masa kwalba?
2. Ku kawo abubuwa biyar da suke ɓata iskar ɗaki.
3. Su wa suka fi shaƙar hayaƙin girki a gida? Don me?
4. Kaka ta ce hayaƙi ya ƙare, garwashi ne kawai ya saura. Ina kuskurenta?
5. Waɗanne alamomi ne suke nuna mutum ya shaƙi gubar gawayi?
6. Me ya sa ake huda kafar fitar iska a saman bango?
7. Wani maƙwabci ya toshe tagarsa saboda sauro. Wace shawara za ku ba shi?

Lissafi

1. Ku ƙirga numfashinku na minti ɗaya kuna zaune. Sau nawa ke nan a awa ɗaya?
2. Wani ɗaki yana da tsawon mita 4, faɗin mita 3, tsayin mita 3. Mita kubik nawa ne cikinsa? Idan mita kubik ɗaya yana ɗaukar lita 1 000, lita nawa ta iska ke cikin ɗakin? Idan mutum 6 ne suke kwana a ciki, lita nawa ce rabon kowane?

Gwaji a aji, tare da malam

Ku sami kwali, ku huda masa kafa ɗaya a gefe, can ƙasa. Malam ya sa guntun turare mai hayaƙi a cikin ƙaramin kasko, ya kifa kwalin a kai. Ku lura da yadda hayaƙin yake fita. Sannan ku huda kafa ta biyu a sama, a ɗaya gefen. Me ya sake? Ku rubuta abin da kuka gani.

Aikin gida

Ku zana ɗakin da kuke kwana. Ku nuna ƙofa da taga da duk wata kafa. Ku ja kibiya ta inda iska take shiga, da wata ta inda take fita. Idan kibiya ɗaya ce kawai kuka samu, ku nuna wa iyayenku zanen, ku karanta musu sashe na 6 da na 7.